Dangwalen da Bai Fito Ba

Shekaranjiya na shiga wani shagon buga takardu a Kazaure don in yi kwafin sakamakon jarrabawata. Mai shagon ya buɗe ɗan gwangwanin tawadar hatimi, warin ya doki hancina. Ban san lokacin da na zauna a dandamalin ƙofa ba. Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ko azumi kike?" Na ce masa jiri ne kawai. Yaya zan gaya wa mutum cewa warin tawada nake tsoro? Sati biyar ke nan da zaɓe, har yanzu idan babura biyu suka shigo layinmu a jere sai in shige ɗaki in rufe ƙofa.

Ka yi haƙuri, mai karatu, sai na koma baya kafin ka gane. Warin nan da, warin gida ne a wurina.

A hannun kakannina na girma, a wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni. Mu biyu suka riƙe, ni da ɗan baffana wanda ya girme ni da shekara huɗu, ina ce masa Yaya. Kakana tsohon malamin firamare ne, kowa Malam yake ce masa, har kakata. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Uwata" yake cewa.

A ƙarƙashin gadonsa akwai akwatin ƙarfe, a ciki akwai littafin taswirar duniya. Bangon ya ɓare an ɗinke shi da zaren buhu, tsakanin shafukan kuma busasshen ganyen darbejiya ne don kada gara ta ci. Da damina, ranar da ruwa ya hana zuwa gona, sai ya shimfiɗa buzu a zaure ya ɗauko shi. Ruwa na dukan kwano, ƙasa na ƙamshi, ni da Yaya mun kwanta rub-da-ciki. Ya buɗe shafin Amurka, ya ɗora yatsa can ƙasa-ƙasa wajen kudu, inda takardar ta yi baƙi saboda yawan taɓawa, ya ce, "Nan ne garin malaminmu."

Lokacin da ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yanci ba, kakana yana saurayi a makarantar horon malamai. Shugaban Amurka na wancan zamani ya riƙa turo samari da 'yan matan ƙasarsa su koyar a ƙasashe irin namu. An kawo musu biyu, ɗaya fari, ɗaya baƙi wuluk kamar mu. Ɗalibai suka sa masa suna Baƙin Bature. A kasuwa tsofaffi su gaishe shi da Hausa, ya tsaya yana murmushi, su ce, "Ɗan wane ne wannan mai girman kai? Ya je boko ya yar da harshen uwarsa." Kakana ne yake binsa yana ba su haƙuri.

Wani hutu kakana ya kawo malaman biyu gidanmu. Mahaifiyarsa ta ɗebo ruwa a randa, ta miƙa wa farin moɗa, ya sha, ta sake cikawa ta miƙa wa baƙin. Kakana ya ce mutumin nan ya riƙe moɗar ya daɗe yana kallonta, har tsohuwar ta ɗauka ƙwaro ya gani a ciki. A hanyar komawa malamin ya gaya masa cewa a garinsu famfo biyu ne, na fari daban, na baƙi daban. Ya ce ubansa yana gyaran takalma, ya tsufa bai taɓa zaɓe ba. Duk ranar da ya je yin rajista sai a ba shi wata jarrabawa da ba a shirya ta don a ci ba, ko ya tarar da ƙarti a bakin ƙofa suna tambayarsa ko ya gaji da zaman duniya. Wata rana kuma ya shigo aji da jaridar da ƙanwarsa ta aiko masa, ga hoton 'yan sanda sun saki karnuka a kan yara 'yan makaranta. Kakana ya ce su a lokacin sun ɗauka wulaƙancin baƙar fata ya ƙare da tafiyar Turawan mulki.

Sai aka harbe shugaban nan a cikin buɗaɗɗiyar mota. Washegari farin malamin ya yi ta kuka kamar yaro. Baƙin ya shigo aji bai ɗauki alli ba, ya tsaya a taga. Can ya ce, "Shi ya aiko ni in nuna muku cewa ƙasarmu ƙasar 'yanci ce. Na zo, na nuna. Ya fara maganar mutanena ke nan, ga shi. Ban san ko shi zan yi wa kuka ba, ko ubana."

Da wa'adinsa ya cika ya bar wa kakana littafin taswirar. Ya ce zai koma kudu ya bi gida-gida yana raka mutane rajista. Wasiƙa ɗaya ta zo. Daga nan shiru. Kakana ya ji a rediyo an yi dokar da ta ba baƙaƙe damar zaɓe, ya yi murna har ya yanka zakara. Daga baya ya ji ana kwasar samari ana kai su yaƙi Biyetnam. Har yau bai san ko a kan hanyar wani ƙauye aka tare malaminsa ba, ko a can dajin aka bar shi, ko kuwa kawai ya manta da mu.

Idan labari ya kawo nan sai kakata ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Kai dai Malam ka iya kukan mutanen nesa. Ita Inna da ta ba shi ruwan, wa ya ba ta ƙuri'a? A wancan zamanin mace a Arewa ko layin ba ta shiga. Ba karnuka, ba jarrabawa, kawai an ce mu zauna."

Sai ya yi dariya ya ce, "Kin yi gaskiya. Shi ya sa na ajiye wa Uwata wuri."

Wurin yana shafin ƙarshe, fari, bayan taswirori. A nan ne al'adar kakana take. Duk ranar zaɓe shi ne na farko a layi, don ya dawo kafin alwalar azahar ta wanke masa yatsa. Yakan ɗauke mu a keke, Yaya a baya, ni a kan ƙarfen gaba. A dawowa hannu ɗaya yake tuƙi, na daman a sama, babban yatsa a miƙe. Wanda ya miƙo masa hannu sai ya ba shi gwiwar hannu, mutane suna ta tsokanarsa, "Malam, ko kunama ce?" Yana shiga zaure zai hura wa yatsan hucin bakinsa har tawadar ta jiƙa, ya danna a shafin. Wani ya fito sosai, wani dishi-dishi. Ya ce, "Wannan na mai gyaran takalma ne." Akwai wuraren da ya tsallake ya bari fari, ya ce shekarun soja ne. A can kusurwar ƙasa kuma ya zana ɗan da'ira da fensir. Wannan nawa ne, a madadin mahaifiyarsa. Kakata ta je zaɓe sau biyu ta daina, ta ce yatsanta na lalle ne, ba ta ga abin da ya canza ba. Ina yarinya nakan sa ɗan yatsana a cikin da'irar in ga saura yaya ya cika ta. Yaya kuwa shi ke riƙe littafin kada ya motsa.

Bana ne na fara samun katin zaɓe. Kakana ya tsufa, idanunsa sun rufe, ƙafafu ba sa kai shi ko masallaci sai an riƙe shi. Da safen nan ya sa aka fito da shi zaure da littafin a cinya. Ya ce, "Uwata, kada ki gaisa da kowa da wannan hannun. Kuma kada ki tsaya surutu." Yaya ba ya nan. Tun da ya gama sakandare bai sami abin yi ba, ya koma Kazaure yana acaɓa da babur ɗin wani, sai jefi-jefi muke ganinsa.

A firamaren da kakana ya koyar aka yi. Layin mata ya kai har gindin darbejiya. Rana ta fara zafi, ana ta raha, wata tsohuwa tana cewa ita duk wanda hotonsa ya fi kyau za ta dangwala wa. Mai ba da takardar 'yar hidimar ƙasa ce, baƙuwa, ba za ta girme ni da yawa ba. Ta dube ni ta ce da gurɓatacciyar Hausarta, "Na farko?" Na ce e. Na dangwala, na ninke, na jefa a akwati. Wallahi har hawaye ya zo mini. Na ɗaga yatsa sama kamar yadda kakana yake yi, na juya zan tafi.

A nan na ji baburan.

Ban ƙirga su ba. Fuskokinsu a naɗe da rawani, hannuwansu da gorori da adduna. Layi ya watse, mata suna faɗuwa a kan juna, goyo yana ihu. Wani ya ɗaga akwatin ya buga da ƙasa, ya fashe, takardu suka bazu, suka riƙa tattake su suna watsa su a kwatamin famfo. 'Yar hidimar ƙasar ta rungume littafin rajista, wani ya sauke mata gora a ka. A jikina ta faɗo. Na riƙe kanta da hannu biyu, jini mai ɗumi yana bi ta tsakanin yatsuna. Sai na ji an fizgi hijabina. Na ɗaga ido. Rawani ya rufe komai sai idanu, amma akwai tabo a girarsa ta hagu, tabon ranar da muka faɗo daga keken kakanmu.

Ya ce, "Ke, uban me kike yi a nan? Wuce gida!"

Na bar yarinyar a ƙasa. Wannan ne abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yanzu. Na zame kanta daga cinyata na ruga, takalmi ɗaya a ƙafa. An ce daga baya an kai ta asibiti, an ce ta tashi. Ban je na duba ba. Na kasa.

Ta ƙofar baya na shiga gida. Kakata ta gan ni, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ta toshe bakinta, ta ja ni bayan ɗaki. Ta cire mini hijabin ta cusa a tukunya. Ni kuma na durƙusa ina dirza hannuwana da sabulu da toka, ina dirzawa, ina dirzawa, har fata ta yi zafi. Ban tuna da komai ba sai da na ji muryarsa daga zaure.

"Uwata ce ta dawo? Na ji hayaniya can wajen makaranta."

Kakata ta ɗaga murya, "Yara ne suke faɗa a kan layi, Malam."

Na je na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Kin jefa?" Na ce na jefa. Wannan dai ba ƙarya ba ce. Ya lalubo hannuna, ya kama yatsan, ya hura masa hucin bakinsa kamar yadda yake yi wa nasa. Ya ce da kakata ta nuna masa da'irar. Ta ɗora yatsana a wurin, shi kuma ya danna da duk ƙarfin da ya rage masa. Na ɗaga. Babu komai. Sai ɗan danshin ruwa, shi ma ina kallo ya bushe.

"Ya fito?"

Na buɗe baki, kakata ta riga ni. Matar da ta shekara hamsin tana yi wa littafin nan dariya ta ce, "Ya fito, Malam. Ya ma fi naka kyau."

Ya shafa shafin a hankali. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Inna, yau kin yi zaɓe." Hawaye yana bin gemunsa. Ni na tashi na koma bayan ɗaki na yi amai.

Da ina yarinya na ɗauka labarin nan ya ƙare. Na ɗauka ƙartin bakin ƙofa abin wata ƙasa ne mai nisa, abin da ne, kuma farare ne suke yi wa baƙaƙe. Ban san za su zo ƙauyenmu a kan babur ba, da fata irin tawa, sun sha fura a ƙwarya ɗaya da ni. Malamin kakana aƙalla ya san fuskar wanda ya hana ubansa, ya san ba ɗan gidansu ba ne. Ni wa zan kai ƙara, kuma wurin wa? Katin yana ƙasan akwatina. Ban ƙona shi ba, amma ba na jin zan sake taɓa shi.

Juma'ar da ta wuce Yaya ya zo gaisuwa, da ledar lemo a hannu. Ya durƙusa a zaure, bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Kakana ya sa aka ɗauko littafin, ya ce, "Zo ka ga na Uwata." Yaya ya riƙe shi da hannu biyu kamar yadda yake riƙewa muna yara. Ya daɗe yana kallon da'irar da babu komai a cikinta. Ya ce, "Na gani, Baba Malam."

Kakana ya dafa kansa ya ce, "Ni ba lalle in kai zaɓe na gaba ba. Idan ya zo, kai za ka raka ta. An ce yanzu wurin ba ya rasa 'yan iska."