Takalmana a Gindin Maɗaci

Ni mai hoto ne, ko in ce na taɓa zama, kafin waya ta zo ta kashe muna sana'a, kowane sakarai ya koma ɗaukar kansa. Wanga abu ya faru da ni lokacin ina da shago a Talata Mafara, muna ɗauka da fim a kai Gusau wanki. Wallahi ba ƙirƙira na yi ba, wanda bai yarda ba shi ya sani.

Wani tsoho a Maradun, Baba Garba, ya aika a kira ni. Ƙafafunsa sun mutu, yana kwance. Ya ce garinsu na asali yana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori, amma in rani ya yi tsanani ruwa kan janye har maɗacin ƙofar masallacinsu ya fito, kuma bana ya fito. So yake ya gan shi kafin ya mutu.

Na ce, "Baba, hoton busasshen icce?"

Ya ce, "Kai dai ɗauko min."

Na hau babur na tafi da hantsi, rana tsaka na isa. Ga icce nan tsaye cikin laka, baƙi ƙirin, ba ganye ko ɗaya. A gindinsa akwai ɗan tudu busasshe, nan na tuɓe takalmana, silifa ne na soso shuɗi, ɗaya na ɗaure maɗaurinsa da waya, na ja baya cikin laka don iccen ya shiga duka. Na ɗauka sau uku. Ko tsuntsu babu a wurin, shiru kamar an toshe min kunne. Da na dawo tudun, babu takalma. Filin nan fetal, ba mutum ba dabba. Na yi zagi na koma gida ba takalmi.

Bayan kwana tara hotuna suka dawo. Biyu sun ƙone. Na ukun kuwa, innalillahi! Maɗaci ne da ganye shar, inuwa luf, an shimfiɗa tabarmi, ba kowa a kai, sai takalma jere a bakin tabarmar.

Na kai wa tsoho. Bai ko firgita ba. Ya dinga ɗora yatsa yana cewa wanga na liman ne, wanga na Sarkin Noma, wanga na mahaifinsa. Duk sun rasu tun tuni. Da ya kai na ƙarshe ya tsaya.

"Wanga fa, mai waya?"

Na ce nawa ne.

"Ɗana, ka yi sallama da ka isa?"

"In yi wa icce sallama, Baba?"

"Majalisa ce. Wanda ya tuɓe takalmi a nan zama ya zo yi. Koma ka ce ka tashi, su sallame ka, tun ruwa bai dawo ba."

Ni da taurin kai, ga bikin da zan ɗauka a Bakura, sai na ce bayan biki. Ranar bikin aka yi ruwan farko, aka jera kwana huɗu ana yi. Da na je, ko reshe ban gani ba. Baba Garba ya rasu cikin damanar.

Tun daga nan duk rani sai na je bakin ruwan, maɗaci bai sake fitowa ba. Hoton yana cikin akwatina. Na ƙirga takalman a gaban tsoho, goma sha ɗaya ne. Bayan rasuwarsa na sake ƙirgawa, sha biyu. Takalmana kuma da suke can gefe, yanzu ba zan ce muku a gefe suke ba.

Don Allah, in kun isa gindin tsohon icce, ko ba kowa, ku yi sallama. Kuma kada ku tuɓe takalmi.