Gyaɗar da Ake Kira 'Yar Baƙuwa

Shekarun baya ne, ƙarshen bazara, hadari yana haɗowa yana watsewa. Shekarar na aurar da autata, maigidana kuma ya yi wata bakwai da rasuwa. Gidan ya yi mini faɗi, har na koma hira da awaki.

Da na buɗe tulun da nake ajiye irin gyaɗa, sai na tarar ƙwari sun mayar da shi gari. Irin mahaifiyata ne, wata 'yar ƙarama ja, da ta ƙulle mini a bakin zane ranar da aka kawo ni Fassi daga Dawaki. Tsawon zamana ban taɓa barin damina ta wuce ban shuka ta ba. Maƙwabtan da na taɓa ba wa duk sun koma sabon iri.

Ranar kasuwar Kibiya na je nema. Ban san sunanta ba, mahaifiyata "tamu" kawai take ce mata. Sai kwatance nake yi da yatsa kamar mai cigiyar yaro.

Wata tsohuwa Bafillatana mai sayar da iri ta ce, "Zauna, Hajiya, kin fi rana yawo." Ta dinga ɓare mini ɗaya-ɗaya. "Wannan 'yar Dakar, daga can aka kawo kakanninta. Wannan kampala, dubi zanenta kamar atamfa. Mu duka biriji muke cewa, ku ne Hausawa masu raɗa wa kowace suna kamar jikoki."

Can ta kwance wani ƙulli. Ita ce.

"Wannan fa?" na ce.

"'Yar baƙuwa. An ce wata amarya ce ta zo da ita Fassi, ba ta da surutu, sai dai ta ba ka iri ta koma ɗaki. Ƙila ma ta mutu."

Na ce, "Allah Ya jiƙanta." Wallahi abin da ya fito bakina ke nan.

Har yau ina tunawa. Na haifi 'ya'ya shida a garin Fassi, na yi yaƙi da jahilci tare da matansa, amma gyaɗar ta fi ni shiga mutane. Ban ga laifin kowa ba, ni ma ban taɓa zama na ce ga sunana ba.

Washegari da safe na raba mudun gyaɗar da na sayo biyu. Rabi na adana, rabi na ɗauka zuwa gidan da ke bayanmu, na yi sallama. Aka shimfiɗa mini tabarma, wannan karon na zauna.