Malam Usaini da Ciyawar Tsaunin Sanƙo

Da an sallame sallar asuba, Malam Usaini zai turo tsohon kekensa daga wani lungu na Ƙofar 'Yandaka, lauje ɗaure a bayan sirdi, ya nufi bayan gari. Kafin rana ta yi zafi ya dawo da ɗanyar ciyawa niƙi-niƙi, ya sauke a gindin dalbejiya, masu kiwon raguna su yi ta ɗiba. Mai ciyawa, iyakar abin da gari ya sani game da shi ke nan. Mai saye kuwa bai cika tambayar inda ta fito ba, in dai rago ya ƙoshi.

Daga wani tsauni take fitowa, wanda mutanen ƙauyukan wurin ke kira Sanƙo, don lokacin da Usaini ya fara hawansa kusan ba komai a kansa sai tsakuwa. Kiwo ya cinye ciyawar, ruwa ya wanke ƙasar. Abin da ya saura tafasa ce da tumfafiya, waɗanda saniya ke shinshinawa ta wuce.

Tafasa kuwa ba ta da kunya. Da ruwan farko take tsirowa, ta baza ganye ta yi wa ƙasa rumfa, duk ɗan tsiron ciyawar da ya leƙo a ƙarƙashinta sai ya yi rawaya ya mutu don rashin rana. Usaini ya bi ta da hannu yana tugewa tun ba ta yi fure ba. Ya jera duwatsu a gicciye don ruwa ya dakata ya ajiye ƙasar da ya kwaso. A bayan duwatsun ya dasa saiwar gamba, ya watsa irin kyasuwa da harkiya da ya cuɗa da kashin shanu. Ya kuma kafa wa kansa doka: in ya yanki layi guda, sai ya bar na kusa da shi har irin ya nuna ya zube.

Hajiya Kulu ta unguwar Kambarawa, mai kiwon ragunan layya, ba ta manta da wannan doka ba. Shekarar da babbar sallah ta faɗo a ƙarshen damina, kowa ya yanke ciyawarsa kaf, shi ya ƙi. Ta ce da ni: "Na ce mashi, Malam, ragunana na kuka. Ya ce, Hajiya, ki ba su dusa, ciyawar nan ciki gare ta. Haushi ya sa na yi wata ban gaishe shi ba."

Ba waliyyi ba ne, ya yi kuskure babba. Da wurin ya fara kyau sai ya kewaye shi da ƙaya, ya hana shanu shiga rani da damina. Har sanda ya ɗaga wa Isiyaku, makiyayin da rugarsa ke gindin tsaunin, suka daina ga-maciji. Da babu bakin da zai rage ta, gamba ta fi tsawon mutum, ta danne kyasuwa da harkiya kamar yadda tafasa ta yi a da. Busasshen karanta ya kwanta ya toshe sabon toho, ƙasar da kofato bai taka ba ta daskare, iri ya kasa shiga. Ya ƙwato wurin daga shanu ya miƙa wa gamba.

Wata safiya ya jingine keke a bakin rugar. Isiyaku ne ya ba ni labarin. Bayan doguwar gaisuwa Usaini ya ce, "Malam Isiyaku, biko na zo."

"Bikon wa? Ni ko shanun?"

"Shanun. Kai ai ba ka cin ciyawa."

A nan suka shirya: shanu su hau bayan iri ya zube, su ci, su tattake, su yi kashi, su sauka kafin ruwan farko. Da hannunsa ya janye ƙayar. Damina biyu ba su cika ba ƙananan ciyayin suka dawo tsakanin gamba.

Kai ne, Malam Usaini, ka yi wa dutse sutura ba wanda ya aike ka. Kai ne ka san ka ɓata, ka taka da ƙafarka ka je ka faɗa, abin da yawancinmu ba ma iyawa ko a cikin gidajenmu. Sannu, mai lauje mai tausayi. Allah ya saka da alheri, ya sa ka tarar a mizani.

Bana gwiwar Malam Usaini ta ƙi. Tun kaka bai sake hawa ba, ya ajiye lauje. Na same shi zaune a zaure, kusa da shi buhu cike da irin da ya tara a hawansa na ƙarshe. Na ce ko sayarwa zai yi. Ya ce, "Mi zan saida? Na tsaunin ne. In bai sha ruwan bana ba, ya mutu cikin buhu. Duk mai ƙafa shi zo shi ɗauka, ni zan gwada mashi yadda ake yi."

To, jama'a, kun ji. Masu yankan ciyawa, masu raguna, da mu masu cin naman, aikin ba ya neman takarda ko izinin kowa, ƙafa yake nema da hannu. Gidan ba ɓoyayye ba ne, kowa a Ƙofar 'Yandaka zai nuna muku.

Ranar da nake wannan rubutu hadari ya fara haɗuwa a gabas. Buhun yana nan a zaure, bakinsa a ɗaure.