Bokitin da Kawu Bai Sa wa Gam Ba

Shekara ashirin da bakwai ƙanin mahaifiyata ya yi yana shafe zanen mutane, kuma da albashin nan ya biya mini makaranta, don haka ba ni da bakin zaginsa. A ofishin tsabtace gari yake aiki. In aka ga zane ko rubutu a bangon hukuma, shi ake turawa da tsani da bokitin farar ƙasa. Mai Burushi ake ce masa. Abin alfaharinsa a duniya shi ne haɗinsa: farar ƙasa, gishiri, da gam kofi biyu. Abin da ya shafe ya tafi ke nan, ko damina nawa za ta dake shi.

Yana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi. Kafin ya shafe zane sai ya kife bokiti ya zauna, ya ƙura masa ido kusan minti goma. Na taɓa tambayarsa amfanin haka.

Ya ce, "Ni ne na ƙarshe da zai gan shi, 'yata. Ai sai in gan shi da kyau."

Bara ƙungiyar masu zane ta shirya taron kwana biyu a ƙarƙashin gadar unguwarmu. Kowa ya kawo abin da yake da shi, wannan fenti, wancan benci, wata ruwan sanyi. Babban bangon gadar ya faɗa hannun wata malamar firamare, wadda ta shekara goma sha biyar tana zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa ba wanda ya kula. Ta zana layin mata a bakin famfon da ya daina kawo ruwa, kowacce da jarkarta. Duk mun san fuskokin. Mahaifiyata ce ta uku, har da tamke fuskar nan tata. A ƙarshen wata alƙalai za su zaga su duba bangayen, su zaɓi wanda zai yi wa sabuwar tashar mota zane. Malama ba ta da wani abin nunawa sai wannan bangon.

Ba a yi mako ba ogan Kawu ya ce manyan baƙi za su bi ta gadar, famfon nan tonon silili ne, a shafe.

Ina wurin ranar. Kawu ya kife bokitinsa ya zauna, ya fi rabin awa bai motsa ba. Malama ta zo a guje, alli duk a hannunta.

"Baba, don Allah ka bari alƙalan su gani tukuna. Sati uku ne fa kawai."

"Aiko ni aka yi, Malama. Matsa kar in ɓata miki kaya."

Ya shafe shi fes, har fuskar yayarsa. Na tsane shi ranar, ba zan ɓoye ba. Kwana tara ban gaishe shi ba, mahaifiyata kuwa sai ta dangwarar masa da kwanon abinci ta juya. Shi kuwa kullum da safe sai ya fito ya ɗaga kai ya dubi sama.

Rana ta goma da azahar aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke muka ji ihu daga gadar. Farar ƙasar ce ke dalala tana bin kwata, ga jarkoki sun fito, ga layin mata, ga mahaifiyata ta dawo da fushinta. Inda feshin ruwan bai kai ba, matan unguwa suka ƙarasa da soso.

Ogan ya kira Kawu, ya so ma ya rufa masa asiri.

"Ka ce kuskure ne mu wuce wurin. Saura shekara uku ka yi ritaya."

"Yallaɓai, ka taɓa jin na yi kuskuren haɗi? Da gangan na hana shi gam. In ka sake aikena ma haka zan yi."

Aka ba shi takardar sallama. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ɗauko burushinsa, don dama da kuɗinsa ya saya. Alƙalai suka zo suka gani, kuma yanzu haka Malama na kan tsani a tashar mota. Na je ba shi haƙuri ina kuka, ya ce in rufe masa baki, shi abin da ke cinsa shi ne zane-zanen shekara ashirin da bakwai ɗin nan da ya yi wa haɗi na gaskiya.

Wata ɗaya bayan haka wani magidanci ya yi sallama a ƙofar gida, da sabon bokiti a hannu. Shi aka ɗauka a madadin Kawu, kuma bangon gadar aka fara tura shi.

"Baba, an ce kai ka san haɗin. Gam kofi nawa ake zubawa?"

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas, ya janyo masa kujera.

"Zauna," ya ce. "Ka je ka kalli zanen tukuna?"