Na kai ƙanena Takanamat ya zama manomi

Ni aji biyu na yi a lakwal, mushe, wato malaminmu, ya gaji da ni, ya ce in je in taimaki jaki. Na bi maganarsa, har yau amalanke nake ja a Tahoua. To ka ga wanda ya tashi zai ceci mutum daga hannun doka.

Ƙanena ɗan daudu ne. Tun muna samari yake sayar da shinkafa da miya a bakin tasha, zane a ƙirji, lalle a hannu, bakinsa ba ya hutawa. Direbobi su tsokane shi, ya zage su tas, su yi dariya su ce a ƙara musu miya. Haka muka tsufa. Sai rediyo ya fara maganar doka a kan irinsu. Wani ma'aikacin asibiti da ke cin abinci wurinsa ya ce shi bai ji inda aka ambaci zane ko tukunya ba. Amma samarin unguwa ba su jira a karanta musu ba. Ranar wata kasuwa suka kifar masa da tukunya, mai gidan da yake haya kuma ya ce ya nemi wani wuri.

Sai dabara ta zo mini, irin tawa. Na ce mu tafi Takanamat gidan baffanmu, damina ta kama, ya shiga cikin manoma ya ɓace. Na goge masa lalle da toka har fatar ta yi ja. Na koya masa tafiyar maza, ni da ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ba shi rawanina ya rufe fuska kamar mutanen arewa. Ya naɗa shi ya yi kyau har ya wuce misali, dole na kwance na naɗa masa nawa irin na mahaukata.

Baffa ya karɓe mu ba yabo ba fallasa. Aka yi gayya a gonarsa. Ƙanena ya riƙe hauya, hannunsa ya fashe, ya ci gaba da noma. Ina gefensa ina jin numfashinsa, ina cewa a raina mun tsira.

Da rana ta take mata suka kawo tuwo. A wurinmu namiji in an ajiye masa akushi ci yake yi, ko miyar ruwa ce zalla, ba ya tanka yadda aka yi ta. Ƙanena ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Na taka masa ƙafa. Ina, ya riga ya tafa hannu ya karkace wuya.

"Wace 'yar uwa ce ta zuba gabun albasa bayan an sauke? Ai ɗanye ne, ko soya shi ba a yi ba."

Matan suka fashe da dariya, har ɗaya ta fara ba shi amsa. Mazan ko wanda ya yi murmushi babu. Kowa ya sunkuyar da kai cikin akushi.

Bayan la'asar baffa ya kira ni bayan rumbu. Ya ce ya ji wai har mai gidan da ya ɓoye irinsu jandarma na tafiya da shi. Na tambaye shi wa ya faɗa, ya ce ana faɗa. Na durƙusa, da furfurata, na roƙe shi da darajar ubanmu. Ya ce yana da 'ya'ya mata da ba a aura ba, mu tafi kafin gari ya ɗauka.

A mota ƙanena ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Yaya, in na daina zama ni, wa za ka ɓoye?"

Yanzu yana ɗakina, ƙofa a rufe. A ciki yake girki, hayaƙi na cin idonsa, magana sai da raɗa. Ni nake ɗora tukunyar a amalanke in kai tasha, in ce matata ce ta dafa. Duk tashar nan an san matata ta gudu ta bar ni tun tuni. Suna karɓa, suna ci, su ce in gaishe ta. Kullum ina zuba musu ina duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ban san wanne ne zai fara faɗa ba.