Ƙuri'ar Yumma a Kujerar Roba

Ko da zan manta da duk titunan Riyad da na haddace a shekarun da na yi ina tuƙi a can, ba zan manta da wata Asabar ta ƙarshen shekarar 2015 ba, ranar da na kai wata tsohuwa zaɓen kansiloli. Har yau in na ga farar kujerar roba a wurin biki ko zaman makoki, sai in ji dariya da ƙwalla sun taso mini tare.

Direban gida nake a unguwar Shifa. Kafilina, wato wanda takardar zamana take hannunsa, ma'aikacin banki ne, mutum mai gaggawa da saurin fushi amma ba mugu ba. Sai dai rabin aikina na mahaifiyarsa ne. Kowa a gidan Yumma yake ce mata, kamar yadda muke cewa Inna, ni ma na bi sahu. Ita kuma ba ta taɓa kirana da sunana ba, kullum sai "ya waladi", ɗana. A lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar, saboda haka ni ne ƙafarta. Kasuwa, gaisuwar mutuwa, da asibitin da ake yi mata wankin ƙoda, duk ni ne.

Zaɓen kansiloli ba tsohon abu ba ne a wurinsu. Majalisar baladiyya suke kiranta, ita ke kula da titi da shara da fitilu. Yumma ta ba ni labarin na farko, na 2005, wai mijinta ya turara jallabiyarsa kamar zai je Idi, ya dawo yana ta hura hanci. Na biyun kuwa, na 2011, da idona na gani, don ban daɗe da zuwa ba. Na ɗauki tsohon, mijin nata, zan kai shi, sai ga Yumma ta fito da abayarta ta shige baya. Ya ce mata, "Ina kuma za ki? Na maza ne." Ta ce, "Kallo ma na maza ne?" Haka muka zauna a mota ni da ita, ta kafa ido a ƙofar da maza ke shiga suna fita. Da ya dawo ta tambaye shi me ake yi a ciki, ya ce, "Ba komai, takarda ce da akwati."

Kafin na ukun ya zo tsohon ya rasu, ƙafafunta sun yi nauyi, sai da keken marasa lafiya take yin tafiya mai nisa. Sai aka ce wannan karon mata za su yi zaɓe, har ma su tsaya takara. Kai, ka ga Yumma! Ta tayar da ni muka yi ta zarya har ta yi rajista. Tana da 'yar takararta, wata tsohuwar malamar makaranta da ta koyar da 'ya'yanta mata, wadda ta yi alkawarin gyara magudanar layinsu. Ruwan sama ba ya yawa a Riyad, amma ran da ya sauka ƙofar gidanmu tafki take komawa, kuma a cikin wannan ruwan ne mijinta ya taɓa zamewa ya karye a ƙugu.

Ni kuwa duk wannan ɗoki dariya yake ba ni. Ni da na san zaɓen ƙananan hukumomi a gida? Na taɓa zama wakilin ɗan takarar kansila a mazaɓarmu. Tun asuba muke tsaye a rana, da la'asar wasu matasa suka zo da gorori suka sa akwatin a bayan a-kori-kura, ni kuma na tashi da rotsi a ka. Ina kwance ana ɗinke ni na ji an faɗi sakamako a rediyo. Daga ranar na rantse ni da layin zaɓe haihata-haihata. Da gurguwar Larabcina na ba Yumma wannan labari a hanyar asibiti, har na koya mata abin da muke faɗa a gida: a kasa, a tsare, a raka. Ka jefa ƙuri'arka, ka tsaya ka tsare ta, ka raka ta har inda za a ƙirga. Ta yi ta maimaitawa da harshenta mai nauyi tana ƙyaƙyata dariya.

Matsalar ita ce ranar zaɓen ta faɗo ranar wankin ƙodarta, da hantsi. In an gama wankin ko kanta ba ta iya ɗagawa sai washegari. Ke nan in ba ta jefa da safe ba, shi ke nan, kuma ita da bakinta ta ce ba ta jin za ta ga wani. Ɗanta ya kira ni ya ce, "Ka kai ta tunda ta nace. Amma in ta makara asibiti, ni da kai ne."

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tun ranar Juma'a na shiga shiri kamar mai tafiya yaƙi. Na sayi ruwa katan guda, na nemo laima, na ɗauko farar kujerar roba daga ɗakina don kada tsohuwa ta tsaya a layi. Wani abokina Bakano, mai gadi a unguwar ofisoshin jakadanci, ya leƙo ya same ni ina loda kaya. Ya riƙe baki ya ce, "Malam, Arfa za ka ko zaɓe? Nan fa ba garinku ba ne." Na ce masa zaɓe zaɓe ne, ko a Makka aka yi shi. Sannan na yi babbar dabarata. Na ce ba zan fita da babbar motar gidan ba, kada 'yan jagaliya su fasa gilashi a ce in biya. Tsohuwar ƙaramar motar da ake zuwa cefane da ita na ɗauka.

Da safe ana sanyi muka isa makarantar 'yan matan da aka ware wa mata. Ina ta raba ido ina neman masu gora. Ba kowa sai ɗan sanda guda yana shan shayi, da motoci jefi-jefi suna sauke mata. Tsit kamar masallaci bayan Azahar. Na juya motar ta fuskanci titi dai, don ko ta kwana. Na zagaya na buɗe but don in fito da keken Yumma, sai na ga ruwa, na ga laima, na ga kujera. Keken yana can cikin but ɗin babbar mota, inda yake kwana kullum.

Innalillahi! Gumi ya karyo mini cikin wannan sanyi. Garin gyaran gira na tsone ido. Daga ƙofar makarantar zuwa zauren da ake zaɓe akwai fili mai faɗi, da matakala a ƙarshensa, ita kuwa taku kaɗan take yi numfashinta ya sarƙe. In na koma gida ɗauko keken, lokacin asibiti ya shiga. Na roƙi ɗan sandan ya bar ni in shiga da mota, ko in riƙe ta mu taka. Cikin ladabi ya ce, "Mamnu', ya akhi." An hana. Namiji ba ya wuce wannan ƙofa, ko shi kansa.

Na dawo na durƙusa a gefen mota na faɗa mata gaskiya. Na ɗauka za ta yi faɗa. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta juya ta kafa ido a ƙofar, irin kallon nan da ta yi shekaru huɗu baya a motar mijinta. A hankali ta ce, "Ba komai, ya waladi. Na saba da kallo daga nan." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban san lokacin da na fizgo kujerar robar ba. Na dasa ta a bakin ƙofa, na taimaka wa Yumma ta fito ta zauna. Ban da wata dabara, kawai dai na ga gara ta zauna a ƙofar da a cikin mota. Sai ga wata mata ƙaƙƙarfa ta fito daga ciki, ta gama nata zaɓen, direbanta har ya buɗe mata ƙofa. Ta tsaya ta ce, "Khala, lafiya kike zaune a nan?" Khala kamar ka ce gwaggo ne. Yumma ta ce, "Ƙafa ce ta kawo ni nan ta ajiye." Matar ta dubi filin, ta dubi kujerar, ta miƙa wa direbanta jakarta. Ta ƙwala wa wasu mata uku da ke saukowa daga mota kira, "Yalla ya banat, maza 'yan mata, ku zo ku kama!"

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Biyu suka kama gaba, biyu baya, suka ɗaga ta cak. Ƙafafun kujerar suka ɗan buɗe, na dafe kai ina salati, amma ta riƙe. Halin gida bai sake ni ba, na ɗaga murya na ce, "Yumma, kada ki bari kowa ya zaɓar miki!" Ƙaƙƙarfar ta waiwayo tana haki ta ce, "Kwantar da hankalinka, ni ɗan kawuna na zaɓa, ita ta zaɓi wanda take so." Wato ma ba ɗan takararsu ɗaya ba. A garinmu da ko ruwa ba za ta ba ta ba a ranar. Haka suka ratsa filin da ita, abayoyi na jan ƙasa, suna tsayawa suna hutawa, wata daga ciki har da guɗa.

Ba a jima ba suka fito da ita kamar yadda suka shiga. Fuskarta a rufe take, amma idanunta sun jiƙe. Suna sauke ta ta dube ni ta ce da Hausarta, "A tsare!" Na ce, "Yumma, asibiti." Ta noƙe kafaɗa, wai ai ni na koya mata. Sai da na yi wa matan bayanin ma'anar kalmar, suka fashe da dariya, ƙaƙƙarfar ta sumbaci kanta ta ce, "Je ki, Khala, akwatin na nan, ba mai taɓa miki." Muka isa asibiti ana gab da kiran sunanta.

A hanya ne ta yi mini maganar da ta zauna mini. Ta ce, "Mijina ya yi gaskiya, takarda ce da akwati. Amma da hannuna na sa." Can kuma ta ce, "Kai a ƙasarku mahaifiyarka tana zaɓe?" Na ce tana da dama, amma ni na hana ta fita tun abin da ya same ni. Ta buga bayan kujerata da tafin hannu. "Ni na tsufa ina kallon ƙofa a rufe. Kai taka a buɗe take, don an fasa maka kai sau ɗaya ka zauna a mota, har ka zaunar da tsohuwa?"

Malamarta ba ta ci ba. Mata kaɗan ne suka ci a faɗin ƙasar, amma Yumma ta yi ta murna kamar 'ya'yanta ne. Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abarsa. Wannan ƙuri'a ita ce ta farko a rayuwarta, ita ce ta ƙarshe.

Da na dawo gida gaba ɗaya, abin da na fara nema bayan gaisuwar 'yan uwa shi ne katin zaɓe, nawa da na Innarmu. Ranar zaɓen kansiloli na goya ta a babur, na ɗaura kujerar roba a baya. Abokaina suna ta tsiya, wai an riga an rubuta sakamako, wahalar me nake ba tsohuwa. Mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Amma abin da na koya a ƙofar makarantar nan ta Shifa shi ne, haƙƙin da ka raina don yana hannunka, wani ya ƙare rayuwarsa yana leƙensa ta gilashin mota. Kuma in ka kai kanka bakin ƙofa ka zauna, Allah ba ya rasa waɗanda zai turo su kama maka. Inna ta dangwala, ta fito tana duba tawadar da ke yatsanta. Na ce mu tafi gida rana ta yi zafi. Ta gyara zama a kujerarta ta ce, "Tafi kai. Ni sai an ƙirga."