Kwalaben Kawu

Jiya jikata ta dawo daga jami'a, ta nuna mini sunan Kawu a ƙarshen wata takardar bincike. Ta ce har yau masanan sinadarai da na ƙwayoyin cuta suna kafa hujja da aikinsa.

Sai na tuna lokacin da aka fara sako ruwan madatsar Bakolori, ina amarya a Mafara. Kawu kan sauka gidanmu, ya tsuguna bakin hanyar ruwa yana cika ƙananan kwalabe, hannunsa kullum da warin maganin asibiti. Dangin mijina suna dariya, wai boko ya taɓa masa kai. Kunya ta sa rannan na zubar da ruwan kwalaben duka a bayan rumbu.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ke ɗiyata, ruwan da ɗiyanki za su sha nake dubawa. Ɗauko kwando mu koma."

Ni na ɗauki kwandon a kai, muka ratsa gaban surukaina.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa duk mai ambaton sunansa ya zama shaida gare shi.